Wak Sahak da Kifin da Kowa Ya Ce Ba Nasa Ba Ne

A tsibirinmu na Selengat, idan ka tsaya a ƙarshen gadar katako, sai ka ga kamar za ka miƙa hannu ka shafa cikin manyan jiragen da ke wucewa ta Mashigin Malaka. Masu dakon mai, masu dakon kwantena, masu dakon motoci, ga su nan jere kamar shanu za su mashaya. Mu dai ko allura ba ta taɓa faɗo mana daga cikinsu ba, sai igiyar ruwa da ke jijjiga mana turakun gidaje.

A nan aka haifi Ishak bin Kundang, wanda yaro da babba ke kira Wak Sahak. Gajere ne, baƙi wuluk saboda rana, ƙafafunsa a baje kamar na agwagwa. Tun yana shekara goma sha biyu yake jan taru. Sau ɗaya kawai ya taɓa barin kamun kifi, lokacin da ya yi shekara biyu yana shafa wa inji mai a cikin wani jirgin dakon katako. Abin da ya dawo da shi daga wannan tafiya uku ne: kunnen hagu da ya mutu murus, wata ƙatuwar sifana, da kalmomin Turanci guda uku, biyu daga cikinsu zagi. Da ya dawo ya auri Seripah, mai shanya ƙananan kifi tana sayarwa, mace mai hannu da sauri da baki da ya fi hannun sauri. Suka haifi 'ya'ya mata huɗu, duk suka yi aure a birnin Batam. Mutane suna cewa sirrin zaman lafiyar gidan nan shekara arba'in shi ne, duk sanda Mak Seripah ta fara faɗa, Wak Sahak sai ya juya mata kunnen hagu.

Ban da kamun kifi, sana'arsa ta biyu ita ce zagin jirage. Duk jirgin da ya ratsa ya yanke masa taru, sai ya miƙe tsaye a cikin ɗan kwale-kwalensa, ya dunƙule hannu, ya fara daga direban jirgin ya gangara har kan kakanninsa. Ya zagi jiragen ƙasashe sun fi arba'in, babu wanda ya taɓa ramawa, shi kuwa ya ɗauki wannan a matsayin tsoronsa suke ji.

A shekarar da yaƙi ya ɓarke can wata uwa duniya, aka ce an toshe wata hanyar ruwa da ba mu taɓa gani ba sai a talabijin, mashiginmu ya ƙara cika. Ban da jiragen kaya, sai ga wasu baƙi masu launin toka, ba sa ɗauka ba sa saukewa, sai kai da komo. Yau na wannan babbar ƙasa ya wuce, gobe na abokiyar gabarta ya biyo sawu, kowa yana cewa tsaron hanya ya kawo shi. A shagon kofi aka yi ta musu a kan wane ne ɓarawon da ake tsare wa hanyar. Wak Sahak ya ce shi dai a saninsa hanyar nan tana nan tun zamanin kakansa, babu wanda ya taɓa naɗe ta ya gudu da ita.

Wata Talata da hantsi yana jan taru, sai ya ji nauyi irin wanda bai taɓa ji ba. Murna ta kama shi. Tun kafin ya ga ko mene ne ya fara tsara irin takun da zai shiga shagon kofi da shi. Ya ja, ya ja, har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Abin da ya taso kuwa wani dogon ƙarfe ne ruwan ɗorawa, sumul kamar ƙwai, tsawonsa mutum ɗaya da rabi, da fiffike biyu a gefe da wata siririyar eriya a wutsiya. Tarun kuwa ya yage gida biyu. Wak Sahak ya ƙare wa abin kallo, ya ba shi rabonsa na zagi, sannan ya ɗaure shi a bayan kwale-kwale ya jawo shi gida.

Mak Seripah tana kan dandamalin bayan gida tana baza kifi, ta ɗago ta riƙe ƙugu, ta kira shi Abang, yadda matan wajenmu ke kiran mazansu.

"Abang, wace jaraba ce kuma ka jajibo mana?"

"Kifi ne."

"Kifi? To ina idonsa?"

"Na zamani ne, Pah. Ba ki ga har eriya gare shi ba?"

"Madalla. A soya maka shi ne, ko miya kake so?"

Shi lissafinsa daban. Ya yi aiki a ɗakin inji, ya san duk ƙarfen da aka yi wa irin wannan ado ba ya rasa jan ƙarfe a ciki. Ya ɗauko tsohuwar sifanarsa, sai ya tarar kusoshin abin wani iri ne da bai taɓa gani ba. Ya koma ga guduma. Kwana uku maƙwabta suna jin ƙwal, ƙwal, ƙwal, ko fenti bai ɓantare ba. A rana ta huɗu ya yi zuciya ya watsar.

Mak Seripah kuwa ba a ajiye banza a gidanta. Ta sa aka ɗora abin a kan gwafa biyu, sai ga shi ya zama mashanyar da ba ta taɓa samun irinta ba. Yana ɗaukar zafin rana, fuka-fukan sun yi daidai da faifai bibbiyu, eriyar kuwa ta zama maratayar gajeren wandon maigida.

Haka aka yi mako biyu. Rannan matar dagaci ta zo sayen busasshen kifi, ta ɗauki hotonsa a waya ta aika wa ƙanwarta don ta ga kyansa. Ƙanwar ta ga kifi, mijin ƙanwar kuwa ya ga abin da ke ƙarƙashin kifin. Kafin kwana biyu hoton ya zaga ƙasa.

Sai ga dagacinmu, Pak Ruslan, a guje cikin kakinsa, gada tana rawa a ƙarƙashinsa.

"Wak Sahak! Ku fito! Kowa ya fito! Bam ne!"

Wak Sahak ya juyo da kunnen dama. "Me ka ce, Pak?"

"Bam! Bam kuka ajiye a bayan gida!"

"A'a, ba bam ba ne."

"Kai ta yaya ka sani?"

"Kwana uku na yi ina dukansa da guduma."

Pak Ruslan ya nemi wuri ya zauna a ƙasa, aka kawo masa ruwa.

Da hankalinsa ya dawo ya buga wa sojan ruwa waya. Suka ce kada wanda ya taɓa, jiragensu duk suna can suna sintiri a mashigi, sai Asabar za su iso. Dagaci ya zagaye gidan da jar igiya ya ce ba shiga ba fita. Mak Seripah ta ɗaga igiyar ta wuce abinta, ta ce kifinta ba zai juya kansa ba.

Ranar Alhamis jirgin fasinja da ke zuwa da ƙarfe goma yana komawa da ƙarfe huɗu ya sauke baƙi biyu. Ɗaya dogo ne, rana ta mayar da shi ja kamar dafaffiyar ƙaguwa, da kyamara a wuya. Ya ce shi mai binciken tsuntsayen teku ne. Mu kuwa tsuntsayen tsibirinmu hankaka ne da kaji. Ɗayan gajere ne mai tabarau, rigarsa ta sha guga, ya ce shi ɗan kasuwa ne mai sarin busasshen kifi. Dukansu suna jin harshenmu, amma irin na masu karanta labarai a rediyo. Direban jirgin ya ce tun da suka shigo ɗaya ya zauna a goshi ɗaya a wutsiya, gaisuwar da suka yi kuwa irin ta maƙwabtan da suka taɓa shari'a a kan iyakar gona ce.

Babu wanda ya nuna musu hanya, amma duk su biyun a ƙofar Wak Sahak suka tsaya.

Dogon ya ce, "Pak, an ce mini wani tsuntsu mai wuyar gani yana sauka a bayan gidanka."

Mai tabarau ya ce, "Ni kuma ina so in ga inda ake shanya kifin, saboda tsafta."

Mak Seripah ta dube su sama da ƙasa. Ta ce a gidan nan baƙo ba ya ganin komai sai ya ci abinci. Ta shimfiɗa musu tabarma ɗaya a dandamali, daidai gaban abin, ta shiga ta ɗora kifi a miyar tsamiya, ta zuba barkono ninki biyu na wanda ta saba. Suka zauna kafaɗa da kafaɗa suna cin shinkafa suna hawaye, kowa yana satar kallon ƙarfen da wandon Wak Sahak ke kaɗawa a wutsiyarsa, kowa kuma yana yi kamar teku yake kallo.

Wak Sahak ba ya iya kwana-kwana. Ya nuna abin da haɓa, ya dubi dogon.

"Naka ne?"

"A'a! Sam! Ƙasarmu ba ta zuba irin waɗannan abubuwa a ruwan abokanta." Ya share majina, ya ɗan kalli na kusa da shi. "Amma dai akwai masu yi."

"To kai fa, naka ne?"

Mai tabarau ya ajiye cokali. "Mu ba mu san shi ba, ba mu taɓa ganinsa ba. Amma masu yawo a tekun da ba nasu ba, ai duniya ta san su."

"Kash," in ji Wak Sahak. "Ni kuwa mai shi nake nema. Shekara hamsin ina zagin masu yaga mini taru daga nesa. Na ce yau Allah ya kawo mini ɗaya har gida, in yi masa ido da ido."

Baƙin suka sake rantsewa, wannan karon tare.

Bayan an wanke hannu, dogon ya ja Wak Sahak gefe, ya sunkuyo ya yi masa raɗa. Tsautsayi ya sa ta kunnen hagu ya ɓullo.

"Ɗaga murya, ba na ji!"

Dogon ya zagayo ɗaya ɓangaren, ya sake raɗawa.

"Inji?" Wak Sahak ya ƙwala da muryar da yake zagin jirage da ita. "Sabon inji za ka ba ni in bar ka ka kwance wutsiyar? To wutsiyar tsuntsu ce?"

Mai tabarau ya ƙware da shayi. Shi da ya ga yadda raɗa ta ƙare, sai ya yi dabara, ya rubuta nasa a 'yar takarda ya cusa wa Wak Sahak a hannu. Wak Sahak ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa, ya miƙa wa matarsa.

"Pah, karanta mini, idona ba ya ganin ƙananan rubutu."

Ta gyara murya ta karanta kamar mai shela, har maƙwabtan da suka taru a bayan jar igiya suka ji: sabon kwale-kwale na roba, da injinsa, da taru biyu, in an bari a tafi da abin gaba ɗaya cikin buhunan kifi.

Gaskiya zuciyar Wak Sahak ta motsa. Injinsa ya girmi 'yarsa ta biyu, sai an yi masa addu'a yake tashi. Ya tsaya yana sosa ƙeya, yana kallon wannan yana kallon wancan, yana ganin kansa a cikin sabon jirgi yana wuce shagon kofi. Allah kaɗai ya san abin da zai ce, domin a daidai nan aka ji jiniya daga bakin gada. Sojan ruwan da suka ce sai Asabar sun iso tun Alhamis.

Shugabansu wani Laftanar Harahap ne, ƙato mai muryar da ko mataccen kunnen Wak Sahak sai da ya ji ɗuminta. Ya tsallake igiya ya tsaya a kan baƙin.

"Waɗannan fa?"

Kafin a ba shi amsa dogon ya durƙusa a gaban wata kaza yana ta ɗaukarta hoto, ta gaba, ta baya, har yana rubutu a littafi. Mai tabarau kuwa ya ce shi kifi ya zo saye.

"Kifi ya zo saye, Pak Laftanar," in ji Mak Seripah. "Duka ma ya ce yana so."

A gaban soja babu damar musu. Da ƙarfe huɗu aka ga mai tabarau ya hau jirgi da buhu biyar na busasshen kifi, har da wanda ya kwana biyu ya fara sauya ƙamshi, dogon kuma yana can wutsiya ya toshe hanci.

Soja shida suka ɗaga abin. Laftanar da kansa ya cire wandon daga eriya ya miƙa wa mai shi. Ya yi musu bayani cewa na'ura ce da ke yawo ita kaɗai a ƙarƙashin ruwa, tana auna zurfi, tana sauraron motsin jirage, tana aika wa iyayen gidanta.

"Tana saurare?" in ji Mak Seripah. "To wallahi mako biyun nan sun ji abin da bai shafe su ba. Kuma ni a kan me zan yi shanya yanzu?"

Bayan mako guda aka aiko mata da kwanon rufi falle biyu. Wak Sahak kuma aka aiko masa da takardar yabo cikin gilashi, da rigar da ke hana nutsewa, da lambar wayar Laftanar, aka ce duk abin da ya gani a ruwa bai gane ba ya kira. Daga ranar 'yan shagon kofi suka naɗa shi Laksamana, wato sarkin yaƙin ruwa. Ya karɓi sarautar da gaske. Ya kira a kan tukunyar gas. Ya kira a kan wata ganga. Ranar da ya taso jirgin soja guda da mutum takwas saboda wani farin abu mai kusurwa huɗu, aka je aka tarar firji ne, Laftanar ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Wak, daga yau in ka ga abu yana da ƙofa, ba namu ba ne."

Amma tsintacciyar mage ba ta mage. Ba a jima ba sanarwa ta zo cewa an rufe ruwan da ke gabas da tsibiri, za a bincika ko kifin yana da 'yan'uwa. Nan ne kuwa wurin kamun kifin kowa. Jiragen toka suka ƙaru, na nan da na can, kowa yana gadin kowa, jirage masu saukar ungulu suna shawagi a kanmu. Mako ɗaya, biyu, huɗu, kwale-kwale suna ɗaure. Gidaje suka koma cin shinkafa da gishiri. Wak Sahak ya shiga shagon kofi, babu wanda ya matsa masa a benci. Wani ya ce, ba tare da ya dube shi ba, "Laksamana, da ka mayar musu da kifinsu inda ka gan shi, da yanzu muna cin namu." Wannan maganar ta kunnen dama ta shiga. Ya ajiye kofinsa bai sha ba ya koma gida, ya kwana uku bai fito ba.

Ana cikin haka takarda ta zo ta hannun dagaci: ana gayyatarsa wani babban taro a otal a Batam, a kan tsaron hanyoyin ruwa, a matsayin talakan da ya nuna kishin ƙasa. Mak Seripah ta goge masa rigar Idi. Suka shiga jirgin fasinja mai gudu, mai sanyi, mai rufaffun tagogi, shi da Pak Ruslan. Mutumin da ya yi shekara hamsin a kan igiyar ruwa bai taɓa jin jiri ba, ranar sai da ya cika leda biyu da amai. Ya roƙi dagaci don Allah kada maganar ta koma tsibiri. Ta riga shi komawa.

A zauren taro akwai masu taurari a kafaɗa, da masu kwat, da baƙi daga ƙasashe. A sahun gaba ya hango dogon nan da mai tabarau, kowa da 'yar tutar ƙasarsa a ƙirji. Ya ɗaga musu hannu ya ƙwala, "Yaya kaza? Yaya kifi?" Kowannensu ya duƙufa karanta takardar gabansa.

Aka yi ta jawabai har ya yi gyangyaɗi. Can aka kira shi aka miƙa masa abin magana, aka ce ya faɗi yadda ya ji da ya ceci ƙasa. Dagaci ya rubuta masa abin da zai ce, amma takardar ta tafi tare da leda ta biyu. Sai kawai ya ce:

"Ni ban san tsaro irin naku ba. Ina da ƙane, sunansa Lazim. Shekara ashirin da shida ke nan wani babban jirgi ya bi ta kansa da rana tsaka. Jirgin bai tsaya ba, ina jin bai ma san ya taka wani abu ba. Hularsa kawai muka samu. Ko mutum ɗaya bai zo ya tambaye mu ba. Yanzu ƙarfe ya ɓata, wanda kowa ya ce ba nasa ba ne, ga shi kun cika ɗaki. Ba na jin haushi. Amma yau kwana talatin da uku mutanenmu ba su jefa taru ba. In kun gama neman ƙarfenku, don Allah ku ba mu ruwanmu."

Mai fassara ya fassara. Sai Laftanar Harahap ya fara tafi daga can baya da tafukan nan nasa kamar faranti, sauran suka bi.

Da aka tashi cin abinci, Wak Sahak ya cika aljihunsa biyu da kek ya kawo wa Mak Seripah. Kafin su iso ya zama gari. Ta zazzage a faranti ta ci da cokali, tana cewa sukari ya yi yawa.

Kwana tara bayan nan aka buɗe ruwan. Har yau ba a san ko jawabin ne ya yi aiki ba, ko kuwa masu binciken ne suka gaji. Shi ya ce jawabin ne. Matarsa ta ce man jirginsu ne ya ƙare. Ko na wane ne ƙarfen, ba a taɓa faɗa mana ba.

Yanzu Wak Sahak ya haura saba'in, gwiwoyi sun hana shi fita nesa. Surukansa sun haɗu sun saya masa injin hannu na biyu, yana ɗan zagaya bakin tsibiri yana ɗana wa ƙaguwa tarko. Kwanakin baya wata ɗalibar jami'a ta zo daga Jakarta da littafi da biro, ta zauna a gabansa ta tambaye shi, a ganinsa cikin manyan ƙasashen nan biyu wacce ce za ta mallaki mashigin nan gaba.

Ya daɗe yana tunani, yana ɗaure bakin tarko da haƙori.

"Yarinya," ya ce, "kin ci abinci kuwa? Pah! Ga baƙuwa. Wannan ta gida ce, ki rage barkonon."